Wace kat-mer ce za ta jure aiki a Maraɗi?

Mai Shagon Hoto:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina zafi? Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya gaya mini tsakani da Allah. Shagona yana Ali Ɗan Sofo, aikina hoto ne, katin gayyata da haɗa bidiyon aure da suna. Cikin wata 11 kat-mer biyu suka mutu mini, wato babban allon nan na cikin ordinater da ake jona komai a kansa. Ta farko ina tsakiyar haɗa bidiyon wani aure sai na ji ƙauri kamar an ƙona leda, ekaran ya yi baƙi, shi ke nan. Na sayo ta biyu, ta yi wata 7. Shekaranjiya na danna maɓalli, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Na sake dannawa, haka. Yanzu aikin mutum uku yana cikin disk, amarya ɗaya kullum sai ta aiko ƙanenta ya tsaya mini a bakin ƙofa, har kunyar fitowa nake ji.

Na tara jika 220 na sefa. Ina so in sayi wadda zan manta da ita. ASUS, Gigabyte, MSI ko ASRock, wacce ce ta fi ƙarko?

Ɗan Jami'a:
Wa alaikumus salam yaya. Allah ya mayar da alheri. Ni dai ASUS nake ba kowa shawara, tun 1989 suke wannan sana'a a Taiwan. Amma ka fara gaya mana furosesarka, wato ƙwaƙwalwar injin, don kat-mer ba a sayenta ita kaɗai, sai wadda soket ɗinta, mazaunin furosesa, ya dace.

Mai Shagon Hoto:
Core i5 ce, ta ƙarni na 4. Baret kuma, wato ma'ajin aiki na wucin gadi da ake ce wa RAM, DDR3 ce, giga 8.

Mai Zuwa Kano:
Gigabyte, malam, kada ka tsaya wahala. Ita na fi kawowa, kuma ita ce ba a cika dawo mini da ita ba. Can wajen 'yan kasuwar Kano in ka ce madabod mai ƙarko, ita za su fara ɗauko maka. Wasu samfuranta ma BIOS biyu gare su, wato ɗan shirin da ke tayar da inji in an kunna, in ɗaya ya lalace ɗayan ya tashe ta.

Ɗan Jami'a:
Alhaji, BIOS biyu ba ya hana ƙonewa. Shi ƙauri ya ji.

Baban Masu Gyara:
Salamu alaikum. Ɗana mai hoto, kahin a kai ga sunan kamhwani, amsa mini tambaya ukku. Da ka canza kat-mer ta hwarko, ka canza akwatin wutar da ke cikin inite ɗin, wato babban akwatin ordinater, wanda muke ce ma alim, ko tsohon ka mayar? Na biyu, mi ke tsakanin inite ɗinka da bango: ondiler mai riƙe wuta da batir, regilater mai daidaita ta, ko waya ce kawai? Na ukku, in anka ɗauke kuran, gurup kake tayarwa?

Mai Shagon Hoto:
Ina wuni Baba. Alim ɗin tsohon ne, wanda ya zo da akwatin tun farko, ban taɓa canza shi ba. Ondiler ina da shi amma batirinsa ya mutu tun bara, sai na cire shi na jona kai tsaye da rallonji. Gurup kuma e, ƙarami ne, muna raba shi da tela maƙwabcina.

Baban Masu Gyara:
To ka gani. Tela shina taka keken lantarki, shina jona dutsen guga, kai kuma kana can kana haɗa bidiyo bisa layi guda. Duk sadda dutsen guga ya kama, wuta ta yi ƙasa, in ya saki ta yi sama. Alim mai kyau shi ka shanye wannan hawa da sauka, shi ba kat-mer bolt 12 da 5 da 3.3 tsab. Alim na banza kuwa abin da ya samu shi yake miƙa mata.

Ni da rediyo da talabijin na hwara wanga aiki, kahin ordinater ta cika gari. Kat-mer ɗin da anka aje mini bisa tebur ba su ƙirguwa, kuma na kowane kamhwani cikin huɗun da ka lissafa na ga matacce, na ga kuma wanda ya shekara goma shina aiki. In na buɗe inite na ga wajen da ke kewaye da furosesa ya yi baƙi, hannuna alim yake hwara zuwa. In ɗaga shi in ji nauyinshi. Wani an rubuta mai wat 500 a jiki, amma in ka ɗauka kamar gwangwanin madara da babu komi ciki. Irin wannan, ko wace kat-mer ka jona mai, kwananta ƙidayayye ne.

Kada ka sayi komi tukuna. Kawo mini inite ɗin duka gobe, har da kat-mer ta hwarko in ba ka yar ba.

Ɗan Jami'a:
Baba, na yarda da maganar wuta, amma kada mu ce duk kamfanoni ɗaya ne. Akwai bambanci a yadda ake ƙera su.

Baban Masu Gyara:
Akwai, ɗana. Sai dai bambancin da ke cikin gida guda ya hi wanda ke tsakanin gidaje. Kai da ka yi karatun abin, bayyana musu.

Ɗan Jami'a:
To, haka ne kam. Kowane kamfani yana da na talaka da na mai hali. ASUS tana da Prime a ƙasa, sai TUF, sai ROG. MSI tana da PRO, sai MAG inda su Tomahawk da Mortar suke, sai na sama. Gigabyte tana da na yau da kullum da kuma Aorus. ASRock tana da HDV, Pro4, Steel Legend, har Taichi. Ita ASRock ma daga jikin ASUS ta fita a 2002. Gigabyte da MSI kuwa duk a 1986 aka kafa su, duk a Taiwan.

Abin da ke raba na ƙasa da na tsakiya, mafi yawa shi ne wurin nan da Baba ya ambata, wanda ke kewaye da soket. Ana kiransa VRM. Shi ke karɓar bolt 12 daga alim ya sauke shi zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da furosesa ke sha. Aikin nan yana haifar da zafi sosai. A kat-mer mai araha za ka ga ƙananan baƙaƙen abubuwan nan tsirara, ba ƙarfen shan zafi a kansu. A ta tsakiya an ɗora musu ƙarfe, kuma sun fi yawa, sai su raba nauyin. Mai buga takarda ba zai ga bambanci ba. Amma yaya da ke haɗa bidiyo, furosesa tana aiki da dukan ƙarfinta awa ɗaya ko biyu, a shago mai rufin kwano, a watan Afirilu ko Mayu da zafin waje kansa ke haura digiri 40, shi zai gani.

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ni ban san su VRM ba, amma bari in faɗi abin da na gani da idona. Ina da wurin saizi da fotokopi a hanyar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, lokacin da ɗalibai ke ajiye memwar har dare muke kaiwa. Inji huɗu gare ni, duk okaziyo ne, irin na ofis, biyu HP biyu Dell. Mafi ƙuruciyarsu ya shekara 5 a hannuna. Ban taɓa canza kat-mer ba. Pil ɗin nan mai kama da kwabo kawai na canza, da disk ɗaya. Ƙanena, don me za ka wahalar da kanka da haɗe-haɗe? Sayi inite na ofis cikakke, ka kai sauran kuɗin ga ondiler. Kana da iyali, kana da haya.

Mai Shagon Hoto:
Hajiya, wallahi na yi wannan tunanin. Abin da ya tsayar da ni bidiyo ne. Yanzu kowa da salula mai ɗaukar hoto mai nauyi yake kawo mini, tsohon injina sai ya yi ta jan ƙafa, bidiyon awa ɗaya ya ci mini rabin yini.

Baban Masu Gyara:
Hajiya ta yi gaskiya a wajen aikinta. Injinan ofis an yi su don su wuni kunne, kuma alim ɗinsu kamhwani ya zaɓa, ba ɗan kasuwa ba. Amma akwai abu guda da ya kamata kowa ya sani. Da yawa cikinsu, musamman 'yan sirara, ba su bin ƙa'idar kowa. Kat-mer ta kasuwa tana shan wuta ta babban fulogi mai ƙafa 24. Su kuwa za ka tarar da ƙafa 6 ko 8, da irin nasu tsari. Ran da alim ɗin ya mutu sai ka nemo irinshi sak, ran da kat-mer ta mutu ba ka iya sa ta kasuwa cikin akwatin cikin sauƙi. Na aje injin wani bawan Allah daga Tibiri wata biyu muna jiran alim.

Ɗan Jami'a:
Ga kuma maganar Windows. Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma a ƙa'ida tana son Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Yawancin okaziyon da ke cika kasuwarmu ƙarni na 3 ne, na 4, na 6. Duk wanda zai saya yanzu ya duba wannan.

Maman Biyu:
Ai yaran nan suna saka mini ita a tsofaffin ma.

Ɗan Jami'a:
Suna sakawa Hajiya, ta bayan gida. Tana aiki, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan injin gyara ba.

Mushen Tasawa:
Salam. Ina bin muhawarar tun ɗazu. Ina kula da ɗakin ordinater a makarantarmu, kuma ina so in ja hankalin mai tambaya kan abu ɗaya. Ya ce furosesarsa ƙarni na 4 ce. Soket ɗinta LGA1150, ya fito a 2013. Manyan kamfanonin nan sun daɗe da wuce shi. To kat-mer ta biyu da ka sayo, a kwali ta zo a matsayin sabuwa?

Mai Shagon Hoto:
A kwali ta zo, Mushe, fes, har da leda. H81 aka rubuta. Sunan kamfanin ban taɓa jin sa ba, kuma mai shagon ya ce mini sabuwa ce dal.

Mushen Tasawa:
Abin da na zata ke nan. Akwai ƙananan masana'antu a Sin da ke buga sabon allo, amma ƙwaƙwalwar da ke kansa, wato H61 ko H81, sau da yawa daga tsofaffin injina ake ciro ta. Haka ma waɗannan X79 da X99 da ake haɗawa da tsohuwar Xeon a sayar da araha. Ba na cewa duk ba su aiki, muna da biyu a ɗakinmu suna tafiya. Amma in ka je neman sabon BIOS ko littafin bayaninsu sai ka sha wuya, kuma ba wanda za ka kama. Wanda abincinsa ke kan inji bai kamata ya dogara da irinsu ba.

Mai Zuwa Kano:
Mushe, a yi mana adalci. Mu 'yan kasuwa abin da mutane ke iya saye shi muke kawowa. Mutum ya zo da tsohuwar furosesa da DDR3, ya ce jika 15 gare shi, me zan ba shi? In ce ya je ya tara jika 200? Ni dai ba na ce wa kowa ta babban kamfani ce. Ina gaya masa gaskiya, in ba shi kwana 7 na gwaji. Kuma ku tuna hanyar da kayan nan ke bi: daga Legas zuwa Kano, daga Kano zuwa Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, ga duwan, ga canjin naira da sefa da ke motsi kullum. Garantin shekara 3 da ake rubutawa a kwali na ƙasashen da kamfanin ke da wakili ne. Wa zai ɗauki kat-mer daga Maraɗi ya mayar?

Mushen Tasawa:
Alhaji, ban yi da kai ba, Allah ya huci zuciyarka. Maganarka ta ƙarshe ma ita ce tawa. Tunda garantin kwali ba ya ƙetaro iyaka, garantinmu shi ne mutumin da ya sayar mana. Ni na fi son in sayi MSI a hannun wanda na san shagonsa da gidansa, a kan in sayi ASUS a hannun wanda gobe ba zan gan shi ba. Ko akasin haka.

Mai Zuwa Kano:
To yanzu ka yi magana.

Mai Sola:
Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren da na sani. Mai hoto, in ka taɓa bayan inite ɗinka ba takalmi, yana ɗan cizonka?

Mai Shagon Hoto:
Ƙwarai kuwa. Har na saba, ina sa tsumma in zan jona kilen USB a baya.

Mai Sola:
Shagonka ba shi da wayar ƙasa ke nan. Yawancin shagunan haya a garin nan waya biyu kawai ake ja musu. Fulogin ordinater ƙafa uku gare shi don dalili: ta ukun ita ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa. In babu ita, wutar tana zaune a jikin akwatin, kuma duk sanda ka jona firinta ko kile tana iya bi ta ramin USB. Rallonjin nan masu cewa suna kare tsawa ma ba su cika aikinsu in ba ƙasa. A kafa maka pike, wato sandar jan ƙarfe, a wuri mai danshi, a ja waya zuwa priz ɗin injin. Aikin bai kai yini guda ba ma.

Sannan ondiler ɗinka kada ka yar. Mafi yawansu batir ɗaya ne a ciki mai bolt 12, ana samunsa a babbar kasuwa. In mai daidaita wuta ne, to ka samu biyu a ɗaya. Da damina kuma, in hadari ya haɗo daga gabas, kashe inji bai isa ba. Zare fulogi, ka zare wayar intanet in kana da ita. Na ga inda tsawa ta bi ta wayar reso ta kashe ramin da ke kan kat-mer, sauran duk lafiya.

Maman Biyu:
Wannan gaskiya ne. Ni da na ji iskar hadari nake sa yara su zare komai, ko ɗalibi na tsaye yana jira. Kuma kowane wata sai an fitar da injinan waje an hure su. Lokacin hunturu in ka buɗe, ƙura ta yi kamar bargo a kan fanka.

Baban Masu Gyara:
Madalla da Hajiya. Sai dai a gaya ma yaran su riƙe fanka da yatsa in suna hurawa, kada iska ta juya ta hiye da ƙima. Kuma da hunturu, da iska ta bushe, jikin mutum shina tara wuta, irin wadda kake ji tana tas-tas in ka tuɓe riga da dare. Kahin ka taɓa baret ko kat-mer, taɓa ƙarhen akwatin tukuna.

Ɗan Jami'a:
To mu koma kan abin da zai saya, don ko an gyara wuta injinsa ya tsufa wa bidiyo. Da a ce kuɗi sun isa, da na ce AM5, tunda shi ne sabon soket ɗin AMD tun 2022. Amma DDR5 kaɗai yake karɓa, jika 220 ba za ta kai ba in an haɗa da alim mai kyau. Hanya biyu nake gani. Ko AM4, kat-mer B450 ko B550 da Ryzen 5 5600G, mai zuciya 6 da katin hoto a cikinta. Ko Intel LGA1700, kat-mer H610 ko B660 da Core i5-12400. A nan a kula, kat-mer ɗin LGA1700 akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, kuma baret ɗin ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. A kula kuma da harafin F a ƙarshen sunan furosesar Intel: 12400F ba ta da katin hoto, in ka jona ekaran a kat-mer ba abin da za ka gani. Haka Ryzen 5 5600 marar G.

Mushen Tasawa:
Ni AM4 zan zaɓa masa. Soket ne da ya ɗauki Ryzen tun na farko a 2017 har zuwa 5000, don haka kayansa sun yi yawa a duniya, ko bayan shekaru za a samu na canji. Kuma ƙafafun suna jikin furosesa, in ɗaya ta lanƙwashe mai haƙuri yana iya miƙe ta. A Intel ƙafafun suna cikin soket ɗin kat-mer, sirara kamar gashi.

Ɗan Jami'a:
Amma akwai tarko, Mushe. B450 ta fito a 2018, 5600G kuma a 2021. In kat-mer ɗin ta daɗe a sito da tsohon BIOS, ba za ta gane furosesar ba, fanka za ta juya amma ekaran baƙi. Mutum sai ya ɗauka matacciya aka sayar masa. Ko B550 ta farkon fitowa tana iya buƙatar sabuntawa. Shi ya sa nake son mai ɗan maɓallin nan a baya da ke sabunta BIOS da kile ko ba furosesa. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI Flash BIOS Button. Ba kowane samfuri ke da shi ba, sai an duba.

Baban Masu Gyara:
Kuma kada kowa ya sabunta BIOS a garin nan ba ondiler. In kuran ya tahi a tsakiya, sai an zo wajena an ciro ɗan guntun an rubuta shi da na'ura.

Shugaban Zaure:
Jama'a, masu turo tallar kaya a tsakiyar muhawara, na goge. Mai son talla ya jira ranar Asabar kamar yadda muka saba. Mai hoto, muna jiran labarin abin da Baba ya gani.

Mai Shagon Hoto:
Salamu alaikum. Na dawo daga wajen Baba yanzu, bari in ba ku labari yadda aka yi.

Na ɗora inite a bayan kabu-kabu na kai masa da hantsi. Bai ko kalli kat-mer ba, alim ya fara kwancewa. Ya miƙo mini ya ce in ɗaga, wallahi kamar ba komai a ciki. Ya lanƙwasa 'yar waya ya haɗa koriya da baƙa a babban fulogin, fankar alim ta tashi. Ya sa mita a ruwan ɗorawa, ta nuna 12 da ɗan kai, na ce to ai lafiya lau. Ya ce in jira. Ya jona masa tsofaffin disk biyu da ƙwan mota, nan take lambar ta faɗo ƙasa da 11, tana rawa. Ya ce ƙa'ida kada ta sauka ƙasa da 11.4. Da ya buɗe murfin, kondansater biyu sun kumbura, kansu ya tsage, wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kai kamar tsatsa.

Sai ya ɗauko nasa alim na gwaji ya jona wa kat-mer ta biyu, ya ciro baret ya goge ƙafafunta, ya canza pil ɗin CR2032 don tsohon ya yi sanyi. Ya taɓa ƙafafu biyu na maɓallin kunnawa da bakin sukudireba. Jama'a, ta tashi. Na ga tambarin Windows, na ga fayilolin mutane, sai da na zauna a benci. Ta farkon kuwa ta mutu da gaske, ya nuna mini inda ta ƙone kusa da soket, har allon ya yi ƙuraje ta baya.

Wata 11 ina zagin kamfanonin kat-mer a raina. Baba ya ara mini alim ɗinsa na kwana uku, daren nan zan gama bidiyon amaryar.

Maman Biyu:
Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ƙara lafiya. Ƙanena, ka fara kwafe aikin mutane a wani disk kafin komai.

Mai Zuwa Kano:
To Mushe, ka ga 'yar Sin ɗin da ake rainawa ta sha wannan wuta wata 7 ba ta mutu ba.

Mushen Tasawa:
Na gani Alhaji, kuma na ji daɗi. Amma har yanzu ba zan ɗora mata bidiyo a watan Mayu ba.

Baban Masu Gyara:
Ku duka kuna da gaskiya. Ga abin da munka shirya da yaron. Tsohon injin za a sa mai alim sabo matsakaici, shi koma buga katin gayyata da hoton paspo, aikin da bai hi ƙarhinshi ba. Sabon kuma a haɗa shi sannu. Cikin jika 220 a hwara cire na alim mai kyau, mai wat 500 ko 550 na gaske, mai karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, da batirin ondiler, da aikin pike. Abin da ya rage shi za a kai ga kat-mer da furosesa da baret. In bai kai B550 ba a ɗauki B450, in bai kai giga 16 ba a hwara da 8 a ƙara daga baya.

Sunan kamhwani kuwa, na ce mai cikin huɗun nan duk wadda Alhaji ya samu ta asali, mai ƙarhe bisa VRM, mai ramin baret huɗu in da hali, ya ɗauko.

Ɗan Jami'a:
Ni dai in an samu TUF, a ɗauko TUF.

Mai Zuwa Kano:
In an samu a kuɗinsa, ɗana. Litinin zan shiga in Allah ya kai mu. Zan turo hoton kwali gaba da baya, da lambar da ke jikin allon don ku gwada da ta kwali, da hoton soket da na ramukan baya. Ku duba ku zaɓa kafin in biya, don in na ƙetaro da ita ba mayarwa.

Baban Masu Gyara:
Ka duba mini har da hwarantin baya mai ruhe wajen ramukan jonawa, Alhaji, sau da yawa ana mance shi a kwali, kuma ta nan ƙura da ƙadangaru ke shiga. Ka juya allon ka haska da hitilar salula, in ka ga inda ya yi rawaya ko dalma ta yi sabon ƙyalli a wuri guda, an taɓa gyara ta, aje musu abinsu. In ta iso kada a kai ta shago, a kawo ta nan mu gwada ramukan baret ɗaya bayan ɗaya, mu bar ta kunne awa biyu tana aiki kahin kwana bakwan Alhaji su cika.

Mai Sola:
Mai hoto, ka nemi izinin mai gidan hayar yau. In ya yarda, jibi da safe zan zo da pike da waya, kafin rana ta yi zafi. Ka gaya wa tela ma, in yana so a ja masa tasa a lokaci ɗaya ku raba kuɗin.

Mai Shagon Hoto:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi wa mai gidan waya, ya ce ba matsala in dai ba za a fasa daɓen ƙofa ba. Tela ma ya yarda. Alhaji, gobe bayan la'asar zan kawo maka kuɗin shago.